Akuyar Baba ta koma hagu

"Kun sayar mini da akuya ko?"

Da wannan Baba ya tare ni yau da safe, ni kuwa sai ɓoye dariya nake.

Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki, duk abin da ke hagunsa kamar babu shi a duniya. Tuwo ma rabin kwano yake ci, ya ce mun rage masa saboda fari. Mu kuma don ladabi komai a dama muke ajiye masa. Likitan motsa jiki a Maraɗi ya ce mu daina, duk abin da Baba yake so mu sa masa a hagu.

Jar akuyar nan kaɗai farin bana ya bar masa. Sai na sauya mata turke zuwa hagunsa.

Na ce, "Baba, ka duba ko'ina kuwa?"

"Kai za ka koya mini dubawa?"

Ya juya wuya a hankali, sai ga ta. Mutumin da sai an ɗaga shi, ya ja sanda ya miƙe, yana jan ƙafa ina biye, har bakin turke.

"Wane sakarai ya ɗaure ta a rana?"

Har yanzu faɗa yake mini, bakina ya ƙi rufuwa don murna. Masu jinya a gida, ku me za ku mayar hagu?