Ɗamarar Motar Tsere a Hanyar Illela

Shekarun baya can, bayan babban fari, ina aikin siminti a Malbaza, abokina kuma yana jigilar fasinja tsakanin Konni da Illela. Direba ne mai hannu, wannan ban taɓa musu ba. Aibinsa ɗaya: duk abin da ya gani a jikin Nasara sai ya ɗora wa kansa.

Wasu Turawa masu tseren mota suka ratso hamada, motarsu ta mutu a Konni, suka bar ta a gareji. A nan abokina ya ciro ɗamarar direba, wato bel ɗin kujera. Ba irin wadda kuka sani yau ba ce. Igiya huɗu gare ta, biyu ta kafaɗu, biyu ta ƙugu, duk su haɗu a wani ƙarfe bisa cibiya, sai an murɗa shi yake saki. Ya sa aka kafa masa ita a kujerarsa.

Na zaunar da shi na jera masa dalilai. Na farko, mai tsere ba ya ɗaukar mutane da awaki. Na biyu, ba ya sa babbar riga. Na uku, in ka ɗaure ba ka iya waiwaye, kai kuwa cikin kasuwa kake ja da baya.

Ya ce, "Ka gama, Malam? Kai komi sai ka sa mai lamba."

Wata rana ina gaban motar, jandarma ya tsayar da mu a shingen garin Dogarawa. Ya leƙo ya ga mutum a ɗaure kamar buhun gero bisa jaki. Ya ce, "Wanga kuma mi ne? Doka ta yarda da shi?" Abokina ya ce, "Ranka shi daɗe, doka ta hana?" Jandarma ya zagaya motar, ya sosa ƙeya, ya ce mu wuce. Tun daga ranar abokina yake faɗa a tasha wai gwamnati ta amince.

Ƙarfen yana ɗaukar zafin rana yana ƙona masa ciki, sai ya kai wa baduku ya lulluɓe shi da jar fata, har da tuntaye. Ni mai jera dalilai ban ga aibin wannan ba. Har yaba ɗinkin na yi.

Da damina mahaifiyata ta zo gaishe mu, na raka ta a motar abokina za ta koma Illela. Bayan mun bar kwalta muka iske ƙorama ta kawo ruwa. Na ce mu jira ya janye. Ya ce ya sha ratsa wadda ta fi ta. Muna tsakiya injin ya mutu.

Fasinja suka fita, ruwa iya gwiwa. Na goya mahaifiyata na kai ta bakin gaɓa. Shi kuwa yana ciki yana ta fama da makulli, wai sai ta tashi, har ruwa ya hau kujera. Na yi masa tsawa ya fito.

"Ya ƙi!" in ji shi.

"Mi ya ƙi?"

"Ƙarfen! Ba shi murɗuwa!"

Na koma, ruwa ya kai mini ƙugu, yana ja. Fatar ta jiƙe ta kumbura ta cushe ƙarfen, babbar riga kuma ta nannaɗe a kai. Na murɗa, ya murɗa, ko motsi. Motar ta fara jirkicewa. Ya dube ni, idonsa ya yi fari, ya fara salati.

Sai na ji muryar mahaifiyata a bayana, ashe ta biyo ni cikin ruwan. "Ku tsaya murɗe-murɗe ɗan mutane shi tafi! Ungo!" Wuƙar yankan kuɓewarta ce ta zaro daga ƙunshinta. Na yanka kafaɗar dama, na yanka ta hagu, sannan ƙugu biyu, na jawo shi ta taga. Muna kaiwa gaɓa ruwa ya kwantar da motar a gindin wani gawo.

Yana zaune yana rawar sanyi, yana tofar da laka, abin da ya fara fitowa bakinsa shi ne, "Haba Malam, da ka yanka biyu ai sun isa. Huɗu duka? Ina zan samu wata?"

Mahaifiyata ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Maido mini wuƙata tun ban yi abin kunya ba."

Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ban ce ɗamara banza ce ba, na ga mutanen da ta ceta. Amma kowane abu da wurin da aka yi shi dominsa, kuma abin da zai riƙe ka, ka fara sanin yadda zai sake ka. Shi ya sa in na shiga mota nakan ɗaura bel, in kwance, in sake ɗaurawa, sannan in ce wa direba bismilla. Jikokina suna dariya, wai Kaka yana gwajin mota. Su yi ta yi. Ba su taɓa yankan igiya cikin ruwa ba, mutum yana salati a kunnensu.