Kamu Takwas na Yaya Alhaji

Kano, Litinin

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, Yaya Alhaji ya sauke ni a filin jirgi. An riga an zuba rufin barandar sabon gidansa, katako ke tokare da shi, ginshiƙai kawai ake jira, irin na Girkawa da Rumawan dā da ya gani a jikin kalanda.

"Shida za ka sayo, kowanne kamu takwas, da hannuna na auna. In ka yi abin kirki, safarar Sin ta zama taka."

Shekara tara ina jiran wannan magana.

Guangzhou, Laraba

Mun sauka ƙarfe uku na rana. Gasar Olamfik ta matso, ko'ina tuta, ko'ina ɗan sanda. Kafin in kai masaukina a unguwar Xiaobei sau uku aka duba fasfona. Taliya da naman rago yuan goma sha biyu. Na yi kokawa da tsinkayen cin abincinsu har na haƙura na sa hannu.

Panyu, Alhamis

Malam Isuhu, wani dillali ɗan Damagaram, ya raka ni masana'antar ginshiƙai a jirgin ƙarƙashin ƙasa, minti arba'in. Kai, ginshiƙan farin dutse ne reras! Wani kansa fayau, wani a murɗe kamar ƙahon rago, wani ganye-ganye. Na zaɓi mai ƙaho.

"Mita nawa?" in ji laoban, mai masana'antar, ta bakin Isuhu.

"Me yo mita," na ce, wato babu, ina taƙama da Sinancina na kwana ɗaya. Na naɗe hannun riga, daga gwiwa zuwa ɗan yatsa sau takwas, aka ja alli.

"Ɗan'uwa, buga waya gida a sa tef mana," in ji Isuhu.

"Haba Malam, kamu ai kamu ne!"

Kano

Na dawo ran Lahadi, kwantena ta biyo ni bayan wata biyu. Magina suka tayar da ginshiƙin farko, 'yan unguwa na kallo. Tsakaninsa da rufi akuya za ta kwanta.

Yaya ya matso kusa da ni. Ya kamo hannuna ya jera da nasa, gwiwa da gwiwa. Yatsuna iyakarsu tsakiyar tafinsa. Shi dogo ne, ni kuwa gajere tun fil'azal. Wallahi kunya ta kusa kashe ni.

Alhamdu lillahi da na je na dawo lafiya, Malam Isuhu kuma Allah ya saka masa, ya faɗa mini gaskiya. Safarar Sin kuwa Yaya ya ba ƙanenmu Sani, bayan ya gwada hannunsa.