Sandunan Jirgin Attajiri

Na yi aikin jirgin ruwa a garin da babu teku. Birmingham tana tsakiyar ƙasa, ruwan da ke cikinta bai wuce tsofaffin magudanan nan masu kore-kore ba, amma a nan aka kawo mana sandunan farfela guda biyu na jirgin shaƙatawar wani attajiri. A kan tirela suka zo daga bakin teku, kowace ta fi motar bas tsawo. Sandar farfela ita ce ƙarfen da ke ɗauko juyin inji daga cikin jirgi ya kai wa farfelar da ke tura ruwa. In ta karye a tsakiyar teku, sai abin da Allah ya yi.

Wannan a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ne. Masana'antarmu ƙarama ce, ta wani tsohon Bature da ya gada daga ubansa, mu kuwa Tsoho muke ce masa. Yawancin aikinmu a da na ƙananan hukumomi ne, gyaran famfunan wuraren ninƙaya da makamantansu. Da aka fara rufe wuraren, aiki ya ɗauke. Sai mu wuni muna goge injunan da tun jiya a goge suke.

Mu biyu ne Hausawa a wurin. Ɗayan babban injiniyanmu ne, mutumin Zariya, ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa. Ni iyalina suna Old Trafford a Manchester, kuma zamana a ƙasar a kan takardun matata yake, domin likita ce. Ranakun aiki ina kwana a falon Yaya a unguwar Ladywood a nan Birmingham, Juma'a da yamma in koma gida. Shi kuwa bizarsa a ɗaure take da masana'antar Tsoho. Dokar ita ce in ka cika shekara biyar kana aiki, ka nemi takardar zama na dindindin. In kamfani ya rufe kafin nan, wata biyu za a ba ka, ko ka sami wani mai ɗaukar nauyinka ko ka tattara ka bar ƙasar. Lokacin da sandunan suka iso, 'yan watanni suka rage wa Yaya. Yana da mata da 'ya'ya uku, ƙaramarsu a nan aka haife ta.

Ina jin haushinsa a lokacin, kuma ban ɓoye ba. Kafin nan da 'yan watanni na samo masa aiki a wani babban kamfani a Manchester, ta hannun wani da muke sallar Juma'a tare. Sun gan shi, sun yaba, sun ce za su karɓi nauyin bizarsa. Da ya tafi, da magana ta ƙare. Sai ya ƙi.

Na ce, "Yaya, wurin nan fa mutuwa yake. Kai ma kana ganin order book ɗin, babu aikin da ke shigowa."

Ya ce, "Ina gani. Amma mutumin nan shi ya ɗauke ni lokacin da na yi application ko'ina aka ƙi ni. Shi ya share mana store muke salla. Ranar sunan auta da ƙafarsa ya zo. Wanda ya yi maka rana ai ba ka yi masa dare ba."

"To ka gaya masa mana, ka ji abin da zai ce."

"In dubi idonsa in ce zan gudu yana cikin wannan hali? Haba, ƙanena."

Kara ke nan irin tamu. A Zariya ado ce. A ƙasar da kwamfuta ke ƙirga maka kwanaki, ni dai na kira ta ganganci, kuma har yau ban canza ra'ayi ba, duk da ina son mutumin nan kamar ciki ɗaya muka fito.

Shi ya sa muka karɓi sandunan kamar an aiko mana ruwa a fari. Masu tashar jiragen ruwan da suka aiko su sun ce a gyara ne: a fere inda tsatsa ta ci, a cike da walda, a sake fere wurin ya koma daidai. Sun kuma yi alkawarin in aikin ya yi kyau akwai sauran kayan jirgin a baya. Wannan zai riƙe mu har lokacin Yaya ya cika, har da ɗan ƙari. Ranar Tsoho da kansa ya sayo mana biskit.

Da aka wanke sandunan, sai ƙyalli suke kamar sabon kwanon silba. Ƙarfe ne irin wanda ake cewa ba ya tsatsa. Gaskiyar ita ce yana yi, in an hana shi iska. Muddin jirgi yana tafiya, ruwa na wucewa ta kansa, lafiya lau. Amma wannan jirgin shekaru ya yi a ɗaure, maigidansa yana da wasu, bai waiwaye shi ba. Ruwan gishiri ya kwanta a inda robar da ke riƙe sanda ta matse ta, ya yi ta ci a ɓoye. Na ce wa Yaya, "Ka ga, zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi." Ya gane inda na nufa, ya ci gaba da duba sandar.

Gwaji aikina ne. Ana fesa wa ƙarfe wani jan ruwa, a bar shi ya shiga duk inda zai shiga, a goge tas, sannan a fesa farar hoda a kai. In ƙarfen lafiyayye ne, fari zai zauna fari. In akwai rami ko tsaga, jan da ya ɓuya a ciki sai ya tsattsafo. Na fesa hodar a sanda ta farko na tsaya. Ɗigo-ɗigo suka fara fitowa, ƙanana kamar bakin allura. Ban damu ba, dama an san da su. Aka ɗora ta a inji aka fere kaɗan, na sake gwadawa. Maimakon su ragu, sai suka ƙara faɗi. Aka sake ferewa, jan ya bazu har yana gangarowa. Tsatsar ta yi irin ɓarnar ƙwaro a wake ne, ƙofa ƙarama, ciki kuwa an cinye. A sanda ta biyu har da tsaga, siririn jan layi ya kewaye rabin ƙarfen.

Na kira Yaya, ya zo ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Dukkanmu mun san walda za ta iya rufe wannan, ta fito tana ƙyalli, mai yiwuwa ma jirgin ba zai taɓa barin tasha ba balle a gane. Yaya ya miƙe ya goge hannu ya ce, "Ba sa gyaruwa. Mutane za su hau." Shi ya rubuta rahoton da hannunsa.

Sababbin sanduna sai an ƙero su a wata ƙasa, kuma injunanmu ba su kai su yi aikin ba. Tirelar da ta kawo su ta dawo ta kwashe, alkawarin sauran kaya ya bi ta. Bayan mako biyu Tsoho ya tara mu ya ce zai rufe. Na kira mutanen Manchester a ranar, suka ce tuni sun ɗauki wani.

Ranar ƙarshe muna shan shayi a tsaye tsakanin injuna, masu saye sun riga sun liƙa musu lambobi. Tsoho ya dafa kafaɗar Yaya yana ba shi haƙuri, yana cewa da ma wani wuri ya neme shi tun da wuri. Ni kuwa bakina ba ya ajiya. Na ce wa Tsoho ai an neme shi, har an ba shi, ya ƙi saboda kai. Yaya ya harare ni, amma bakin alƙalami ya bushe.

Tsoho ya ajiye kofinsa, ya nemi wani gwangwanin mai ya zauna. Na ga fuskarsa ta yi fari fat. Ya tambaye ni yaushe, na gaya masa. Sai ya ce wa Yaya, "Tun sanyin bara ya kamata in rufe. 'Yata kullum roƙona take. Takardunka kaɗai suka sa nake buɗe ƙofar nan. Kowace Litinin ina jira ka shigo ofis ka ce mini ka sami wani wuri, in yi maka murna mu huta duka. Na kasa ce maka ka nema, kada ka ɗauka korarka nake."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba. Mutum biyu masu kirki, kullum suna gaisawa suna shan shayi, kowa yana zaune saboda ɗan'uwansa. Yaya bai ce komai ba sai, "Na gode." Ya ɗauki kofunan ya je ya wanke.

Wata biyun nan mun buga ko'ina. Kamfanoni sallamar mutane suke, babu mai neman ƙarin ɗawainiyar biza. Da wa'adin ya cika, ni na kai Yaya da iyalinsa filin jirgi a Manchester. Autar tana bayan mota da jakar makarantarta a cinya, ta ƙi yarda a sa ta cikin akwati. Da Turancinta na 'yan Birmingham take tambayar uwarta ko za su dawo kafin a koma makaranta, domin ita ce za ta riƙa ba kifin ajinsu abinci. Uwar ta juya tana kallon taga.

Mun kusa isa Yaya ya ce a hankali, "Da ya gaya mini."

Na ce, "Da ka gaya masa, Yaya."

Na tsayar da mota. Sannan ya ce, "Da wane ido?" Ya fita ya fara sauke kaya.