Ƙwan da Ya Dushe

Shekara ashirin da tara Noel Zammit ya yi yana aikin lantarki a wata masana'antar sukari a bayan garin Mackay, kuma ba ya shan shayin safe sai ya leƙa ƙwayayen fitila uku da ke bangon ɗakin taransifoma. Har tsokanarsa ake yi, wai matarsa Carmel ma ba ta samun irin wannan kallon.

Tsohuwar taransifomar ba a haɗa ta da ƙasa ba. Masu kamfani sun fi son haka, domin idan waya ɗaya ta goge ta taɓa ƙarfe, wuta ba ta yankewa, injuna sai su ci gaba da matse rake. Ƙwai ɗaya ne kawai zai dushe ya ba da labari. In aka yi sake waya ta biyu ta taɓa, to sai gobara.

Noel ya san wannan sarai. Amma wata safiya a 1998, ana tsakiyar kakar rake, taragun rake sun yi layi, ya ga ƙwan tsakiya ya dushe. Ya ce a ransa ai ƙonewa ya yi, gobe zai canza shi. Washegari wuta ta tashi a akwatin wani inji, ta cinye yatsu uku na abokinsa Col Brannigan. Da masu bincike suka zo, Noel ya ja bakinsa ya yi gum. Abin bai daina cin ransa ba.

Tun daga nan ya zame wa manajoji ƙarfen ƙafa: a haɗa taransifomar da ƙasa. Sai a shekarar ritayarsa aka yarda. Bayan kaka, injiniya Leanne Quabba ta zo da wata ƙaramar taransifoma da za ta buɗe wa tsohuwar hanya zuwa ƙasa, da akwatin da zai shaƙe wutar da ta ɓalle, da ƙararrawar da ko kurma sai ya waiwaya. Ƙwayayen kuwa cire su za a yi.

Ƙa'idar wurin ita ce duk mai aiki ya rataya kwaɗo mai sunansa a makunni don kada a kunna wuta yana cikin aiki, kuma ko manaja ba ya cire na wani. Ranar da aka gama, kowa ya cire nasa, saura na Noel.

Leanne ta ce, "Dattijo, kai ka dame mu da aikin nan, yanzu kuma kai muke jira."

Noel ya ce ta ba shi minti goma. Ya nufi sito, inda Col yake aiki tun bayan gobarar. Ya same shi yana cin burodi da nama, ya riƙe da babban yatsa da ɗan ƙaramin. A tsaye ya faɗa masa komai, bai rage ba.

Col ya gama taunawa tukuna. "Na tsakiya ko?"

Noel ya gyaɗa kai.

"Ai bayanka na shiga ɗakin ran nan, neman tsani. Na gan shi. Ni ma cewa na yi ya ƙone." Ya dubi hannunsa. "Shekarun nan duka ina ta fargabar ranar da za ka tambaye ni."

Tare suka koma ɗakin taransifoma. Col ne ya riƙe wa Noel kwaɗon, shi kuma ya sa makulli ya buɗe.