Ruwan da Ba Ya Tafiya

Ni 'yar bakin gulbi ce. A ƙauyenmu, can tsakanin Bagudo da iyakar Binin, kusan duk inda za ka sai ka ƙetare ruwa: kasuwa, asibiti, gaisuwar mutuwa. Ina budurwa jirgi ya kife da mu muna dawowa daga cin kasuwa. Ni na fita domin na iya iyo. Ƙanwata ba ta iya ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Na faɗe shi ne don a san abin da ya sa na fara tsoma ɗiyata ta fari cikin ruwa tun ba ta yi famfara ba, a wurin wanki, idan mata sun watse.

Abu guda na fi nanata mata. Gulbi tafiya yake yi. In kina son fita a gindin waccan giginya, kada ki nufi giginyar. Ki karkata hagu, wajen da ruwa ke fitowa, shi da kansa zai sauko da ke daidai. In kuma kin ci karo da igiyar masunta, kada ki yi kokawa da ita, ki nutse ki bi ta ƙarƙashi. Haka uwata ta koya mini, haka na koya mata, har ya zama ko ba ta yi tunani ba jikinta na yi.

Da ta shiga sakandaren 'yan mata a Bagudo, sai malamarsu ta wasanni ta tara yaran da suka fito daga ƙauyukan bakin ruwa. Ta ce za a yi gasar iyo da nutso da wata makaranta daga birni. Waɗancan suna da wurin iyo na siminti a makarantarsu, kuma an ce babu wadda ta taɓa kayar da su. Ɗiyata ta zo hutu da maganar, tana faɗa tana murna.

Babanta yana gyaran lauje a tsakar gida, yayansa na zaune kusa da shi, lokacin da na kai masa zancen.

"Yanzu ke da hankalinki," ya ce, "yarinya ta yi wannan girma, a ce tana tsalle cikin ruwa gaban jama'a?"

"Malam, mata ne zalla. An ce za a kewaye wurin da zana. Da dogon wando da riga za su shiga."

"Ko an kewaye, labari zai fito."

Na bar shi da laujensa, domin na san halinsa, ba ya son a tari numfashinsa. Can ya ajiye laujen.

"To, sau ɗaya. In ta ci, ina da abin da zan gaya wa mutane. In ba ta ci ba, ita da gulbi sai wanki da ɗibar ruwa. Yaya, kai ne shaida."

Yayan ya gyaɗa kai. Ni ba cin gasar ya dame ni ba. Abin da na sani shi ne yarinyar nan jirgi za ta riƙa shiga har tsufanta, kuma wanda ya daɗe bai shiga ruwa ba numfashinsa raguwa yake yi.

Ranar gasar mun isa da hantsi. Wani tafki ne a bayan gari, irin wanda ambaliya ke bari in ta janye. An ja igiyoyi daga wannan baki zuwa wancan, an ɗaɗɗaura musu jarkoki don su taso, kowace yarinya da layinta. 'Yan birni suka sauko daga motarsu da hulunan roba da tabarau na ruwa. Namu kallabi suka tamke a ka.

Na je bakin tafkin na tsuguna, na sa hannu. Iska na kaɗawa daga hagu, na ga ganyaye suna matsawa a hankali a saman ruwan. Sai na yafito ɗiyata.

"Ke, zo. Kin ga ganyen can? Ki karkata hagu kamar yadda kika saba."

"Inna, Malama ta ce mu miƙe sak. Ta ce wannan ruwan ba ya tafiya. Sati biyu tana fama da ni a kan karkatar nan."

"Babu ruwan da ba ya tafiya. Ita Malamar a wane gulbi ta koya?"

Ta sunkuyar da kai. "To, Inna."

Wannan "to" ɗin har yau ina jin sa.

Da tsalle aka fara. An haɗa jirage biyu an ɗaure, an kafa katako a kai. 'Yan birni da ka suke shiga, hannu a miƙe, ruwa ko fantsama ba ya yi. Namu kuwa da ƙafa suke dirowa, wata ma har da toshe hanci. Wata Hajiya da ta rako 'yan birni ta yi dariya har da tafa hannu.

"Waɗannan wanka suka zo yi ko gasa?"

Wata tsohuwa daga ƙauyenmu, mai sayar da busasshen kifi, ta waiwaya. "Yi dariyarki, Hajiya, tun da sauran haƙora. Bari a zo nutso ki ga 'ya'yan gulbi."

Haka kuwa aka yi. Aka jefa duwatsu da aka ƙulle cikin tsumma ja, aka ce a ɗauko. 'Yan birni ba su saba da ruwa mai laka ba, tabarau bai nuna musu komai ba. Namu da hannu suke lalube, suka kwashe kusan duka. Tsohuwar ta tashi ta taka rawa, ta ce, "Hajiya, a kawo soso da sabulu ne?" Har Hajiyar ta murmusa.

Sai ya zama an yi kunnen doki, saura tseren ƙarshe. Huɗu-huɗu ne, wannan ta je ta taɓa waccan. Ɗiyata ce ta ƙarshe a namu. Lokacin da aka taɓa ta, ta birni ta riga ta da kamar tsawon tabarma. Ban taɓa ganin ta yi iyo irin na ranar ba. Kafin tsakiya ta kamo ta, ta wuce. Mata suka ɗauki guɗa.

Ni ce na fara ganin abin, domin ni na san shi. Tana karkata hagu. Tana jiran ruwa ya sauko da ita, ruwa kuwa yana nan inda yake. Iska ce kawai ke tura ganyen da na gani. Kafaɗarta ta bugi igiya, jarkoki suka yi rawa. Na ce a raina, yanzu za ta gyara. Sai ta yi abu na biyu da na koya mata, ta nutse ta bi ta ƙarƙashi. Ta ɓullo a layin 'yar birni.

Malama na ihu, ɗalibai na ihu, kowa na kiran sunanta, muryoyi sun cakuɗe. Tsohuwar ta damƙi hannuna.

"Kira ta mana! Ke ce uwarta, muryarki za ta gane!"

Na buɗe baki. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa faɗarsa ba. 'Yar fari ce, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Abin da ya fito shi ne, "Ke! Ke!" A wurin nan kuwa akwai "ke" fiye da a ƙirga.

Suka yi karo da yarinyar birni, wadda ta sha ruwa ta kama igiya tana tari. Ɗiyata ba ta ma san abin da ya faru ba, ta ci gaba, ta taɓa bakin tafkin ita ce farko. Ta ɗago kai tana dariya, tana nemana da ido. Sannan aka busa usur, alƙaliyar gasa ta ɗaga hannu ta ce an fitar da makarantarmu daga tseren, domin an shiga layin wata.

Malama ta sami ɗiyata tana tsaye ruwa na zuba daga rigarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Me na gaya miki?" Yarinyar ta dubi ƙasa. Ta gwammace a ce ita ce ba ta ji magana ba. Na matsa na ce, "Malama, ni ce. Ni na sa ta." Malama ta dube ni, ta ce, "Allah ya ba da haƙuri, Inna," ta tafi wajen 'yar birnin da ke tari.

A gida ban ɓoye wa babanta komai ba. Na ce ita ta fara taɓa baki, laifin nawa ne, in akwai hukunci ni ya kamata ya hau. Ya saurare ni har na gama.

"Na ji, kuma na yarda. Amma a gaban Yaya na faɗa."

Shi ke nan abin da ya ce. Na san bai ji daɗi ba, domin ranar tuwonsa ya bari a kwano.

Ɗiyata kuwa ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Da ta yi fushi, da ya fi mini sauƙi. In ta zo hutu mukan je wanki tare, ta shiga iya gwiwa, ta yi aikinta ta fito. Wani lokaci nakan ga ta tsaya da zane a hannu tana kallon giginyar ƙetare.

Bayan an yanke shinkafa na sake tuntuɓar babanta. Ya ce, "Tukuna." Bai ce a'a ba, shi nake riƙe da shi.

Da hutun ya ƙare gulbi a cike yake. Na raka ta mashiga, jirgin ya cika da buhuna da mutane har bakinsa na kusa da ruwa. Ta zauna a tsakiya, akwatinta a cinya. Na ce, "Ke, ki cire takalmi, kada ki ɗaure gyale a wuya." Ta ce, "To, Inna." Ban bar wurin ba sai da na ga jirgin ya daki wancan baki, na ga ta sauka.