Faifan Waken Umma

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Talata al'amura suka fara lalace mini. Na riƙe lokacin ne saboda na saita agogon wayata ya kaɗa in an jima kaɗan, bai ma kai ga kaɗawar ba aka fara salati a kaina.

Ina aji biyu a wata kwaleji a nan Daura a lokacin. Akwai jarrabawar lissafi da na faɗi a shekarar baya, in na sake faɗuwa sai na maimaita aji, ƙawayena su wuce su bar ni. Saura mako guda a yi ta. Kaina yana sarawa, fatar idona ta hagu tana rawa, in na buɗe littafi sai lambobin su riƙa hawa kan juna. Sai na karanta a waya cewa mai gajiyar ƙwaƙwalwa ya nemi wuri shiru, ya zauna, ya rufe ido, ya ja numfashi a hankali ya sake, kada ya tanka wa kowa sai lokaci ya cika. Ni kuwa in aka ce ga yadda ake yin abu, haka nake yinsa, ba ragi ba ƙari.

Wanda ya rubuta shawarar bai san gidanmu ba. Wuri shiru ɗaya ne a gidan, ɗakin ajiyar hatsi. Na shimfiɗa ɗankwali tsakanin buhun gero da na dawa, na tanƙwashe ƙafa, na fara.

Kaka, mahaifiyar babanmu, ta shigo ɗibar kuka. Na ji takunta, na ji ta tsaya.

"Ke, ƙawata, me kike yi a cikin duhu?"

An ce kada a tanka. Na ja numfashi mai tsawo, na sake shi da ɗan ƙara, yadda aka kwatanta.

"Innalillahi! Jama'a, ku zo!"

Kafin in buɗe ido an watsa mini ruwan randa a fuska. Na ce, murya can ƙasa, "Kaka, numfashi fa nake yi."

"Numfashi? To da can me kike yi tun da aka haife ki?"

Na sunkuyar da kai kawai. Shirun nan shi ya ƙarasa ni. Kaka ta yanke hukunci nan take: ko dai na yi gamo a ɗakin hatsi, ko kuma boko ya taɓa mini kai, kuma za ta yi maganin duka biyun. Ta turara ni da habbatus sauda har na yi tari, tarin ma aka ce alama ce. Sannan ta kwashe littattafaina kaf ta kulle a akwatinta na ƙarfe, ta ɗaure makullin a gefen zane.

Washegari aka fara dubiya. A danginmu in an ce wani ba shi da lafiya, wanda bai zo ba sai an yi shekara ana ambatonsa. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta iso daga Zango a bayan babur, da ƙullin gyaɗa a cinya da kaza a hammata. Mutanen Baure suka cika mota guda. Wani kawunmu ya aiko daga Mai'adua da turaren da ya ce daga tsallaken iyaka aka kawo shi, wai ko aljanin da ya yi karatu ba ya jure masa. Aka kwantar da ni a tsakar ɗakin Kaka aka lulluɓe ni da bargo, ana zafin da ko kaza haki take yi.

Kowa ya shigo sai ya ce, "Sannu, ya jiki?" Ni kuma in ce, "Da sauƙi," don ban san wata amsa ta ladabi ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce wa Gwaggo, "Wallahi lafiyata ƙalau." Ta juya ta dubi Kaka.

"Kin ji ko, Inna? Haka suke cewa. Ba ita ke magana ba."

Ni da na nemi 'yan mintuna na shiru, sai ga ni ina gaishe da rabin masarauta daga kwance. Gaskiya dai farfesun kazar ya yi daɗi, kuma na yi barcin rana irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Ciwon kan ya tafi. Amma kwanaki ma suna tafiya, littattafaina kuma suna cikin akwati.

Duk wannan hidima Umma ba ta ce uffan ba. Ni ce 'yar farinta, ba ta kama sunana, ba ta nuna damuwa da ni a gaban surukarta. Ta dafa abincin baƙi, ta wanke kwanoni, in an yi la'asar kuma ta ɗauki faifanta na wake ta zauna bayan madafa tana tsinta, kamar yadda na taso na ga tana yi kullum. In tana wurin ba mai aikenta, ba mai kawo mata ƙara. Ko Kaka ta leƙo sai ta ce, "Bar ta, aiki take yi."

Ranar Asabar, da baƙi suka fita alwala, na sulale na je na durƙusa kusa da ita. Na daɗe ina murza bakin hijabina kafin na ce, "Umma, jarrabawar ranar Talata ce." Sai hawaye.

Ba ta dube ni ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani faifan, ta raba waken biyu ta tura mini. Da na ɗora shi a cinya na ji tudu a ƙarƙashi. Littafin lissafina ne. Yadda ta raba Kaka da makullin nan, har yau ban sani ba.

Can sai ga Kaka da Gwaggo suna nemana da kaskon turare. Suka gan ni kai a sunkuye, hannu cikin wake.

"Alhamdulillahi," in ji Gwaggo. "Ta kama aiki. Sun sake ta."

"Turaren Mai'adua ne," in ji Kaka. Suka juya, a ranar aka fara sallamar baƙi.

Jarrabawar dai na ci ta, ba da wani maki na a zo a gani ba. A bayan madafar nan na yi bitar, in na ji taku in ja faifai in rufe littafi, in na gaji in tsura wa wake ido in yi ta numfashina ba mai watsa mini ruwa.

Amma a ranar farkon, da yake ba na iya riƙe aiki ban yi shi ba, sai da na tsinci waken da gaske. Na bi shi ƙwaya ƙwaya, na juya, na sake bi. Ba tsakuwa, ba ƙwaro, ba ko ɓawo.

Na ce, "Umma, waken nan ai tsintacce ne."

Ta ci gaba da wasa da yatsunta a cikin nata, idonta rabi a rufe.

"Ke, rage murya. Tun lokacin girbi na tsince shi. A gidan nan in kika zauna hannu sake, ko a aike ki ko a yi miki hayaƙi. Riƙe faifanki ki huta."