Baba Iro da Gwajin Takarda

Bari in fara da amsa laifina, tunda yanzu babu mai ɗauko mini sanda. Ni ne na koya wa kakana, Baba Iro, gwajin takarda. Matan unguwarmu da suka daɗe suna neman wanda ya koya masa, to ga ni nan, Nura ne. Kuma gwajin nan saura kaɗan ya raba shi da abin da ya fi so a duniya, wato ciyayyar da suke yi a ƙofar gida bayan magariba, shi da Alhaji Sule da Malam Bala. Kowa ya fito da kwanon gidansa, a haɗa a ci tare. Tun kafin a haifi babana suke haka.

Ga yadda aka faro. An yi wa Baba aiki a wani asibiti a Funtuwa, aka cire masa maɗaciya, wadda wasu ke ce wa matsarmama, saboda tsakuwa ta taru a cikinta. A gabana likitar ta yi masa bayani. Ta ce 'yar jakar nan ita ke tara ruwan da ke narkar da mai a ciki. Tunda yanzu babu ita, ya rage maiƙo, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, bayan wasu makonni ya riƙa gwadawa a hankali ya ga abin da cikinsa zai ɗauka. Baba ya ce ya ji.

Ya ji ɗin kuwa, har zuwa Babbar Sallah. Ranar layya kakata Iya na suya, ya zo ya tsaya a kanta wai yana duba ko itacen ya bushe. Kafin ya gama duba itace ya tashi da kitse cike da murfin kwano. Washegari na goya shi a mashin daga ƙauyenmu kusa da Gozaki, za mu Malumfashi gaida ƙanwarsa. Ko Kafur ba mu kai ba na ji ya damƙi kafaɗata.

"Tsaya."

"Baba, nan ai babu gida."

"Na ce gida nake nema? Tsaya."

Sallar kuwa a farkon damina ta zo, masara ko gwiwa ba ta kai ba. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, gonaki fetal har iyakar gani. Ya ɗauki buta yana cewa, "Manoman bana ba su da tausayi. A ce duk faɗin nan babu wanda ya yi shuka da wuri."

Sau huɗu muka tsaya, ba mu kai Malumfashi ba muka juyo. A hanya ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba.

Tun daga ranar tsoron mai ya shige shi. A wannan halin ne na dawo daga makaranta wata rana ina jin kaina likita, don malamin kimiyya ya nuna mana cewa in ka goga abinci a farar takarda ka ɗaga ta saitin haske, in da mai wurin zai yi garau. Na tarar da Baba a zaure ya sa ƙosai uku a gaba yana kallonsu kamar wanda suka yi wa rashin kunya. Na yagi takarda daga littafina, na danna ƙosai ɗaya, na ɗaga. Ya daɗe yana kallo.

"Ja'iri, ashe bokon nan naka yana da amfani. Miƙo littafin."

Littafin bai dawo ba. Na lissafi ya bi shi, na tarihi ma ya bi. Da malam ya tambaye ni ina darasin makon jiya, gaskiya na faɗa masa, na ce kakana ya auna waina da shi. Bulala biyar na sha, uku na darasi, biyu wai na ƙarya.

Daga nan kalmar bakin Baba ta zama guda ɗaya: "A ɗaga a gani." A gidan suna, a gidan biki, har a sadakar bakwai. Aljihunsa na hagu takarda, na dama guzuri. A na dama za ka samu gugguru wanda aka soya da yashi, dabino, yalo, gwaiba in lokacinta ne, da dafaffen dankali a leda. Da kaka ta yi, gasasshiyar masara ce sarauniya. Awara kuwa sai ya tare Iya kafin ta jefa a kasko, ya ce a dafa masa tasa da yaji da albasa. Likita ta ce ya ci kaɗan sau da yawa. "Sau da yawa" ɗin ya riƙe da hannu biyu. In kana tafiya a bayansa ba ka ɓata, sai dai ka bi ƙwallon dabino.

Akwai Inna Hajo, mai kawo mana nono daga ruga. Shekara da shekaru Baba na yi mata tsiya wai ta kaɗe nono ta kwashe man ta kawo musu ruwa. Ran nan ta buɗe ƙwarya, kindirmo ya yi kauri, tana jiran yabo. Baba ya ɗiga a takarda, ya ɗaga, ya girgiza kai.

"Hajo, ina wanda kika saba cutata da shi? Shi nake so."

Ta sauke ludayi ta dube shi. "Malam Iro, ashe zan ga ranar nan da idona."

"Ki kaɗe shi sosai. In na ga mai a ciki ba na saye."

Duk wannan abin dariya ne. Inda abin ya daina ba da dariya, wurin ciyayya ne. A can ba a ƙin kwanon kowa. In ka ci naka kaɗai, ka ce ke nan matar abokinka ba ta iya girki ba. Hajiya Binta kuwa, matar Alhaji Sule, in ta yi miyar kuka man shanu na iyo a kai, kuma da shi take alfahari. Baba ba zai iya ƙi ba, ba zai iya ci ba, girman kai kuma ya hana shi gaya musu abin da ya faru a hanyar Malumfashi. Sai ya samo dabara. Ya lakaci miya, ya maida hannu cikin babbar riga, ya goga a takarda, ya haska da tocila. Ni na kawo musu ruwa ranar da aka kama shi.

Alhaji Sule ya ce, "Iro, me ke ci a cikin rigarka?"

"Babu komai."

"Malam Bala, kai ma ka ga cikinsa na haske, ko idona ne?"

Maimakon ya yi shiru, sai Baba ya fito da takardar ya ɗaga ta a gabansu. "To tunda ka tambaya, miyar gidanka ta faɗi jarrabawa."

Kafin sallar isha'i magana ta kai kunnen Hajiya Binta. Washegari kwanon gidan Alhaji bai fito ba, shi ma Alhajin bai fito ba. Malam Bala ya zo, ya yi loma biyu, ya ce yana da uzuri. Kwana huɗu Baba na cin tuwo shi kaɗai a kan tabarmar mutum uku. Ko gwajin ba ya yi. Iya ta ce mini kwanon kusan yadda ya fita yake dawowa. Da na ce masa ya je ya ba da haƙuri, sai ya ce, "Ni na zuba man?" Amma na ga yana shimfiɗa tabarmar duka, ba ya naɗe gefen kowa.

A rana ta biyar na karya alkawari. Na shiga gidan Alhaji na durƙusa na gaida Hajiya, ta amsa da ƙyar tana tankaɗe. Na ce ina da labari. Na ba ta labarin mashin tun daga kitse har buta. Huɗun nan na mayar da su tara, na ƙara da wani mai rake da ya tsaya yana yi masa barka da Sallah. Ta yi dariya har ta ajiye rariya. Can kuma ta dube ni.

"Wato tsoro yake ji. Ni na ɗauka raini ne."

"Tsoro ne, Hajiya."

"Shi ne ba zai faɗa ba? Tsofaffin nan. Wai ma wane ɗan banza ne ya koya masa takardar nan?"

Na ce wallahi mutanen yanzu sai addu'a, na tashi na fita.

Bayan magariba sai ga Alhaji Sule da kwano, Malam Bala na biye da shi. Alhaji ya ajiye kwanon, ya zaro ɗan gwangwani daga aljihu ya ajiye gefe.

"Hajiya ta ce ga miyar ragwaye, ko ɗigo ba ta sa ba. Ga kuma mai a gwangwani don masu cikakken ciki."

Hannun Baba ya nufi aljihun hagu. Alhaji ya riƙe shi.

"A'a. Ta ce in ka auna, ka auna ta ne. Ko ka yarda da ita ka ci, ko in ɗauki kwanona."

Baba ya dubi miyar, ya dubi Alhaji. Ya juyo gare ni ya ce a hankali, "Kai, ajiye buta kusa." Sannan ya yi bisimilla ya kai loma.

Alhaji ya bari sai da ya haɗiye, ya ce, "Ashe sau tara, Iro?"

"Huɗu ne!" Sai kuma ya waiwayo yana nemana. Ni kuwa tuni na kai bakin masallaci.

Babu abin da ya same shi a daren. Daga nan gidajen uku suka koma zuba mai a gefe, wanda ke so ya sa a ɓangarensa. Shekara biyu suka ƙara suna ci tare. Bara, bayan an gama cire masara, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, ya rasu ranar Laraba da hantsi. Ciwon bai da alaƙa da mai ko kaɗan.

Allah ya jiƙan Baba Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da abokan zama nagari. Amin.